23 cikin 23: zaɓe aka yi a Kaduna ko naɗi?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yau zaɓen ƙananan hukumomi na 19 ga Oktoba 2024 ya ƙi fita raina. APC ta kwashe ciyamomi 23 kaf, kansiloli 255 kaf, ko ɗaya ba a bar wa kowa ba. Ni dai naɗi nake kiran wannan, mai ja ya fito.

Alhaji na Kawo: Wa alaikumus salam. Yaro a hankali, kalmar naɗi tana da nauyi. Jam'iyya mai mulki ta shirya, ta kafa ejan a kowace rumfa, su kuwa 'yan adawa rigimar cikin gida ta cinye su, in ka shiga kokawa ba shiri aka kayar da kai sai ka ce alƙali ne?

Ɗan Tudun Wada: Alhaji da girmanka, mu koma 2023 mana. Atiku ne ya ci Kaduna a zaɓen shugaban ƙasa, kujerun sanata ukun nan duka PDP ta ɗauka, Uba Sani kansa da ƙuri'a dubu goma da 'yan kai ya wuce Isa Ashiru na PDP a zaɓen gwamna. To a shekara ɗaya da rabi duk mutanen nan ina suka shiga, da har a ce ko kansila ɗaya ba su iya ci ba, ko a Zangon Kataf, ko a Kaura, ko a Jaba? Wannan lissafin ne ya ƙi shiga kaina wallahi.

Maman Sadik: Ni ba ruwana da jam'iyya, abin da idona ya gani zan faɗa. Tun da safe na fita da katina a jaka, na samu mata mun kai mu nawa zaune a gindin dalbejiya kusa da rumfar, wata da goyo, wata tsohuwa ta shimfiɗa ɗankwalinta ta zauna a ƙasa, muna ta leƙen hanya ko motar kayan zaɓe za ta ɓullo, har aka kira azahar shiru, na tashi na koma gida na ɗora sanwa saboda yara. Washegari na ji a rediyo an faɗi sakamako. Har yanzu abin yana min ciwo.

Alhaji na Kawo: Hajiya ban ƙaryata ki ba, Allah ya ba ki haƙuri. Amma a tamu rumfar an yi, na dangwala da hannuna. Kuma ku daina yi kamar Kaduna ce kaɗai. Mako guda bayan namu Kano ta yi nata, NNPP ta ɗauke 44 cikin 44. Me ya sa ba ku ce uffan a kan wannan ba?

Malam Barnawa: Alhaji ai wannan misalin naka shi ya ƙara wa maganar ɗan'uwanmu ƙarfi. A Kano jam'iyyar gwamna ta cinye duka, a Kaduna jam'iyyar gwamna ta cinye duka. Ciwon ɗaya ne, tsarin mulki ya ba gwamna ikon naɗa shugabannin hukumar zaɓe ta jiha, kuɗin aikinta ma daga gwamnatin jiha yake fitowa. Wa zai ciji hannun da yake ba shi abinci? Kuma ku tuna mu Kaduna mun taɓa ganin wani abu daban. A Mayun 2018 hukumar zaɓen jiharmu, KADSIECOM, ta yi zaɓe da na'urar kaɗa ƙuri'a, mu ne jihar farko a Najeriya, aka sake a Satumban 2021, kuma duka biyun PDP ta samu ƙananan hukumomi. A 2021 ma a rumfar El-Rufai kansa a Unguwar Sarki PDP ce ta yi nasara yana kan kujera. Sai gab da zaɓen 2024 majalisar jiha ta gyara doka aka ajiye na'urar aka koma takarda. Wannan ne ya fi damuna.

Ɗan Rigasa: Malam na'urar nan ma ba waliyyiya ba ce fa, lokacin an yi ta ƙorafi, wani wuri ta ƙi aiki, wani wuri a ce an sace ta. Kar mu yi kamar da can komai lafiya lau.

Malam Barnawa: Gaskiya ne tana da matsala, to sai a gyara ta mana. Ko da matsalar tata mai adawa yana iya cin kujera, wannan kaɗai ya isa a riƙe ta.

Alhaji na Kawo: To in an zalunce su me ya hana su zuwa kotun ƙararrakin zaɓe da hujja? Surutu a waya ba ya dawo da kujera.

Maman Sadik: Alhaji wace hujja zan kai, ni da ko takardar ƙuri'a ban gani ba? Ni kansila nake so wanda zai ji tsoron ƙuri'ata. Kwatar layinmu duk damina sai ta cika ta shigo mana gida, asibitin unguwa magani sai ka saya a waje, ajin firamare yara a ƙasa suke zama. Duk aikin ƙaramar hukuma ne wannan. Wanda ya san ba ni na kai shi ba, don me zai saurare ni?

Ɗan Tudun Wada: Nan ne wajen Hajiya. Kuma ga Kotun Ƙoli ta yanke tun 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye daga asusun tarayya, ashe kujerar ciyaman ta ƙara tsada kenan, shi ya sa ba za a bar mu mu zaɓa ba. A mayar wa INEC zaɓen kawai.

Ɗan Rigasa: INEC ɗin da muke kuka da ita a 2023? Kuma sai an gyara tsarin mulki, sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun yarda, majalisun da ke hannun gwamnoni.

Alhaji na Kawo: Ni dai ban yarda da kalmar naɗi ba har gobe. Amma maganar na'ura Malam, wannan ina tare da kai, a dawo da ita kafin zaɓe mai zuwa. Hajiya ki faɗa min layin naku ta waya, na san kansilan wajen, zan kai masa maganar kwatar da kaina.