Neman kalmar Hausa: me za mu kira bawul ɗin tukunyar bindigar iska?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Wani ɗan uwanmu daga Sabon Gari, wanda ke fassara takardar bayanin da ke zuwa tare da bindigar iska, ya nemi a tsayar masa da kalmar da zai sa a madadin valve, wato ƙarfen nan da ake murɗawa ya zauna a bakin tukunyar iskar bindigar. An kawo shawarwari uku: makulli, marfi da matarin iska. Ga abin da na gani, kuma ina neman afuwar waɗanda zan saɓa wa.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san aikinsa. Irin wannan bindiga ba ta amfani da albarushi. Iska ake matsawa a cikin wata tukunya ta ƙarfe ko ta alminiyam, da famfon hannu ko da injin matsa iska, har ƙarfinta ya kai ma'aunin bar 200, wasu ma har 300, alhali tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba. Idan aka ja kunama, wani ɗan ƙarfe ne ke dukan bawul ya buɗe na ƙiftawar ido, iska kaɗan ta fita ta ingiza harsashin dalma, sannan ƙarfin iskar da ta rage a ciki ya sake rufe shi. Dabarar kuwa tsohuwa ce, domin sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar Girardoni tun wajen 1780, kuma tukunyar iskarta ita ce gindin bindigar.

Makulli bai dace ba, saboda a Hausa makulli abu ne da mutum ke riƙewa ya buɗe ko ya rufe da hannunsa, shi kuwa wannan da kansa yake rufewa. Marfi ya fi shi rauni, kuma yana da haɗari, domin duk wanda ya karanta marfi zai ɗauka abu ne da ake kwancewa a duk lokacin da aka ga dama, kamar marfin jarka. Matarin iska, wanda malaminmu na Samaru ya kawo, kalma ce mai kyan gini, ta bi ƙa'idar da ta ba mu matsefi da maburgi, kuma na yaba da ita ƙwarai. Sai dai, Allah ya gafarta malam, rabin aikin ta faɗa: bawul yana tare iska, amma kuma yana sakinta, kuma sakin nan da awo shi ne dalilin ƙera shi.

Ra'ayina shi ne a bar bawul yadda take. Masu faci a Kwangila da Ƙofar Doka a Zariya ba su san wata kalma ba sai ita, makanikai ma haka, yaron da ke kai keken babansa a yi masa iska ya san ta, kuma ta zauna a bakinmu kamar yadda sifana da noti da giris suka zauna. Ƙirƙira tana da amfani ne a inda babu kalma, amma a nan akwai. Inda aikin yake shi ne bambancewa, domin bindiga ɗaya tana ɗauke da bawul fiye da ɗaya, kuma takardar da ta kira su duka da suna guda za ta iya jefa mai karatu cikin hatsari.

Wanda iska ke shiga ta cikinsa ba ta komowa, ina ganin a kira shi bawul ɗin ɗuri. Maharba sun daɗe suna cewa an yi wa bindiga ɗuri idan an ɗura mata albarushi, saboda haka kalmar 'yar gida ce a wannan sana'a, abin da ake ɗurawa ne kawai ya sauya. Wanda ke buɗewa idan an ja kunama shi ne bawul ɗin harbi. Ƙaramin da ake sassautawa a jikin famfo don iskar da ta rage a tiyo ta fita kafin a cire shi, a kira shi bawul ɗin sacewa, tunda mun riga mun saba cewa taya ta sace. Kalmar aikatau ta sa bawul a mazauninsa kuwa ba sai an yi gardama ba: ɗaurawa, kamar yadda makanike ke ɗaura taya ko injin.

Na gwada kalmomin a cikin jimla don a ji ko suna tafiya. Kafin a kwance tsohon bawul ɗin ɗuri, a sace iskar tukunya gaba ɗaya har geji, wato ma'aunin ƙarfin iskar, ya koma sifiri, kuma kada a tilasta wa bawul idan ya ƙi kwancewa, domin sau da yawa ragowar iska ce ke riƙe da shi. A goge bakin tukunyar, a sa sabon zoben roba, a shafa masa giris ɗin silikon kaɗan. Baƙin mai ko giris ɗin mota ba su shiga nan, domin suna iya kamawa da wuta idan iska mai ƙarfi ta matse su, haka kuma ba a ɗura iskar oksijin ko da wasa. A fara murɗa sabon bawul da hannu har ya zauna daidai a kan haƙoransa, sannan a ƙarasa da sifana gwargwadon ƙarfin da kamfanin ya ƙayyade, domin zoben roba ne ke hana yoyo, ba tsananin ɗauri ba. A ɗura iska a hankali, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, a duba ko zai yi kumfa.

Aibi ɗaya na yarda kalmar tana da shi: wanda ya ji bawul zai tuna da na taya, ya ɗauka aikin mai faci ne. Maganin wannan yana hannun mai fassara, wato ya riƙa haɗa kalmar da tukunyar iska a duk inda ta fito, ya kuma rubuta adadin bar a kusa da ita. Zai kyautu kuma ya ƙara layi ɗaya da babu shi a takardar asali, cewa dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka.

Abin da ya rage mini shi ne na'urar da wasu bindigogin ke da ita tsakanin tukunya da bawul ɗin harbi, wadda ke rage ƙarfin iskar zuwa awo ɗaya don kowane harbi ya fita daidai da na baya. Masu tukunyar gas ta girki suna ce wa irinta regileta, ni kuwa na fi karkata ga madaidaicin iska. A nan ina son jin ta bakin malamai, musamman waɗanda ke koyar da aikin injiniya.