Za mu kai yara uku hutu Denmak, a taimaka min da shawara

Maman Amir:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman shawarar duk wanda ya san Denmak ko yake zaune can. Maigida zai je taron aiki Kopenhagen a watan Agusta, to sai ya ce tunda yara suna dogon hutu lokacin mu shirya mu bi shi gaba ɗaya, in ya gama taron sai mu ƙara kwanaki, duka dai bai fi kwana tara ko goma ba. Daga Abuja za mu tashi. Yaran uku ne, Amir shekara 11, ƙanwarsa 7, sai auta da bai cika uku ba. Shi Amir tunda ya ji an ce ƙasar Lego ce, bulon wasan ginin nan na yara, ba ya maganar komai sai wurin wasansu Legoland, ni kuma da na duba taswira sai na ga ashe wurin ma ba a Kopenhagen yake ba, can wani gari ne wai Billund a ɗaya ɓangaren ƙasar. To abin da ke damuna, mu zauna Kopenhagen ne mu je mu dawo rana ɗaya ko mu raba kwanakin? Sannan abinci, don an ce min naman alade ya yi yawa can kuma auta na ba komai yake ci ba. Ga batun biza, ga tsada da kowa ke tsoratar da ni da ita. Duk wanda ya san wani abu ya faɗa min komai ƙanƙantarsa, na gode.

Abu Hanifa DK:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ina zaune a garin Aarhus nan Denmak da iyali, bari in faɗa miki iya abin da na sani.

Na farko dai kar ki yarda da maganar zuwa Billund a dawo rana ɗaya, da yaro ɗan shekara biyu da rabi wahala kawai za ki sha. Billund ba shi da tashar jirgin ƙasa. Daga Kopenhagen jirgi za ku hau zuwa Vejle, awa biyu da wani abu, daga nan ku shiga bas wajen minti arba'in, kin ga kafin ku isa rana ta yi nisa, yara sun gaji, kuma da yamma a sake juyowa. Ku raba kwanakin. Kwanakin taron Alhaji ku yi su a Kopenhagen, ya gama ku tattara ku koma Billund ko kusa da shi kwana uku. In ma zai yiwu ku sayi tikitin jirgin sama da zai sauke ku Kopenhagen amma ku taso daga Billund, don akwai filin jirgi a can, shi ne na biyu a girma a ƙasar, ana samun jirgi zuwa Amsterdam da Frankfurt, ba sai kun sake ratso ƙasar da akwatuna ba.

Abin daɗi a jirgin ƙasansu na DSB, babba ɗaya da ya biya zai iya tafiya da yara biyu 'yan ƙasa da shekara 12 kyauta, ke da Alhaji kun ga yaranku duka uku sun shige ke nan. Amma kujera daban ake kama ta, ki kama tun da wuri don lokacin zafi jirgin na cika, kuma ki duba tikitin da suke kira Orange, in an saya da wuri ya fi sauƙi sosai sai dai ba a canza shi. A hanya za ku ratsa mashigin tekun Storebælt, jirgin na nutsewa ramin ƙarƙashin teku sannan ya fito ya bi gada, ki zaunar da Amir bakin taga.

Shi Legoland tun 1968 aka buɗe shi, kuma gaskiya an yi shi ne daidai shekarun yaranki manyan biyu. Tikitin shiga ya haɗa da yawancin lilo da jiragen wasan, sai dai wasu suna da ƙa'idar tsawo, ana auna yaro a bakin layi, auta ba zai hau da yawa ba amma akwai ɓangaren Duplo na ƙanana. Ni abin da ya fi burge ni Miniland ne, inda suka gina garuruwa da tashar jiragen ruwa da filin jirgi duk da bulon Lego, ga ƙananan jiragen ruwa na tafiya a kan ruwa na gaske, ƙofar madatsa ta buɗe su wuce ta rufe, yarana sai su tsuguna a wurin ba sa son tashi. Amma ki ware rana guda daban don LEGO House, yana tsakiyar garin, 2017 aka buɗe shi, a rufe yake ba ruwanki da ruwan sama, yara na zama cikin tulin bulo su gina abin da suka ga dama har su ga kifin da suka haɗa yana iyo a allo. Shi sai an yi bukin ta intanet an zaɓi lokaci. Yaron da ke son gini kamar Amir ina ganin zai fi jin daɗin nan a kan lilon ma.

Lokacin ku ma ya yi kyau, makarantun nan na komawa wajen mako na biyu na Agusta, in za ku iya sa Billund bayan nan kuma a ranar aiki ba Asabar ba, layi zai ragu.

Hajiya Ummi Malmo:

Maman Amir sannu da shiri. Ni a Malmo nake ta Suwidin, gada ce kawai tsakaninmu da Kopenhagen, kusan kullum muna shiga. Malam Abu Hanifa ya gama magana kan Billund, ni bari in taɓa na abinci don nan ne uwa ke shan wuya.

Ki nemi masauki mai kicin, ko ɗaki irin na haya ko hostel mai ɗakin iyali, kar ki ɗauki otal zalla. Wallahi abincin waje a Denmak shi ke cinye kuɗin mutum, ku biyar in kuka zauna gidan abinci sau biyu a rana kafin sati ya ƙare za ki ji a jikinki. Ki shiga Netto ko Rema 1000 ko Lidl ki sayi shinkafa, taliya, ƙwai, madara, burodi, ayaba, ki dafa da safe ki zuba a kula ku fita da shi, su kansu mutanen ƙasar haka suke yi, za ki gan su a benci da ɗan akwatin burodinsu ba mai kallon wani. Ruwan famfo ake sha, mai kyau ne, ki riƙe gora kawai kina cikawa. Robar lemo da gwangwani kuma kar ki yar, akwai kuɗin ajiya a kansu, ana mayarwa injin da ke bakin shago ya ba ki takarda a rage miki a kuɗin sayayya, ki ba yaran wannan aikin za su so shi.

Naman alade gaskiya ne yana ko'ina. Ki riƙe kalmomin nan, in kin ga svin ko gris ko skinke ko bacon a jikin kaya ki ajiye. Tsiran nan da ake sayarwa a keken bakin titi yawanci alade ne, haka abin shafa burodin nan leverpostej. Alewa mai danƙo ma ki duba gelatine don yara za su gani su nace. Amma kar ki tsorata, ki hau metro ko bas ki je Nørrebro, titin Nørrebrogade cike yake da shagunan Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan, mahauta halal, shawarma, har shagunan kayan Afirka ana samu. Ki sayi kaza da nama a nan ki tafi da su Billund don can ƙaramin gari ne ba za ki samu zaɓi irin wannan ba.

Sai abu mai muhimmanci, kar ki sako kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, in aka gani za a karɓe kuma ana iya cin tara. Yaji da garin kunu da kuka ni dai ina shigowa da su. Garin kunun nan zai cece ki da auta.

Ban sani ba ko kina sa niƙabi, in kina sawa ki sani tun Agustan 2018 sun hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar farko kuron 1,000 ce a kuɗin ƙasar. Hijabi da abaya ba matsala ko kaɗan, za ki ga masu shi da yawa.

Maman Amir:

Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya Ummi na gode ƙwarai, wallahi kilishi na cikin abin da na fara rubutawa a lis. Niƙabi ba na sawa. To Hajiya kwanakin da Abbansu ke wurin taro ni kaɗai ce da su uku a garin da ban sani ba, ina zan kai su da ba zan wahala ba? Kuma wurin wasan nan Tivoli da ake ta faɗa ya cancanci kuɗinsa?

Hajiya Ummi Malmo:

Garin ba shi da wuyar yawo 'yar uwa, kusan kowa na jin Turanci. Ki zo da keken tura auta mai naɗewa, tashoshin metro duk akwai lifta. Metro ɗin ma ba direba, ki shigar da su gaba can su zauna jikin gilashi suna kallon rami, wannan kaɗai ya ishe su murna. Wuri ɗaya a rana ya isa, kar ki cika. Rana ɗaya Den Blå Planet, gidan kifaye ne babba a Kastrup kusa da filin jirgi. Rana ɗaya Experimentarium a Hellerup, na kimiyya ne kuma komai taɓawa ake yi, akwai ɓangaren ƙanana inda auta zai yi ta wasa ke ki samu ki zauna. Ranar da ba kya son kashe ko sisi ki kai su Fælledparken, filin wasan yara kyauta ne. Ƙarfe 12 na rana kuma sojojin fada na canjin gadi a Amalienborg da dogayen hulunansu baƙaƙe, shi ma kyauta. Ki lissafa wuraren da za ki shiga ki gwada da kuɗin Copenhagen Card, ya haɗa da kuɗin mota da shiga wurare da yawa, wani lokaci yana fin sauƙi wani lokaci a'a.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, hanyar keke. Tsakanin inda mutane ke tafiya da titin mota akwai layin masu keke, gudu suke yi sosai kuma ba ƙara, in kin sauko daga bas sau da yawa kai tsaye cikinsa za ki taka. Ki riƙe hannun 'yar shekara bakwai ɗin nan gam, ki ja wa Amir kunne tun daga gida.

Baban Zahra:

Ni a nan zan ɗan saɓa da masu cewa a bar Tivoli don za a je Legoland, na ji ana yawan faɗa. Ba iri ɗaya ba ne. Tivoli tun 1843 yake, lambu ne na gaske da furanni da tafki a tsakiyar gari, daura da babbar tashar jirgin ƙasa. Kuɗin shiga daban na hawa lilo daban, to ba dole ki saya wa kowa na lilo ba, ki saya wa manyan yaran biyu, ke da auta ku zaga. Ku bari sai ranar da Alhaji ya tashi taro ku je tare da yamma ku ga an kunna fitilu. Wanda zan ce kar ki wahalar da yara a kai shi ne mutum-mutumin nan na 'yar ruwa (Little Mermaid) da ke bakin ruwa da kowa ke ɗaukar hoto, ƙarami ne ƙwarai ga cunkoso.

Batun biza kuma tunda ba wanda ya taɓa, Schengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai, kowane yaro da fam ɗinsa har auta. Kuɗinta Yuro 90 babba, 45 yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 ba a biyan wannan, amma cibiyar karɓar takardu na da nata cajin. Inshorar lafiya dole ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, don Allah ku nema yanzu, lokacin hutu samun ranar ganawa ma aiki ne. Ku haɗa takardun haihuwar yara, takardar aure, wasiƙar makaranta da ke nuna za su dawo, da bayanin banki. Takardar gayyatar taron Alhaji ba ta rufe ku ba, ku naku na yawon buɗe ido ne, ku nuna masauki da sunan kowa a ciki. Kuma kar ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Kuɗinsu kuron ne ba Yuro ba, Yuro ɗaya wajen kuron bakwai da rabi. Kati ake amfani da shi kusan ko'ina, ku tabbatar katinku na dala yana aiki a waje kafin ku taso.

Abu Hanifa DK:

Na manta ban faɗi na salla da yanayi ba. A Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare a farkon wata, ƙarfe takwas gari fayau, yara za su ce ba su yarda dare ya yi ba. Ki tambayi masaukin ko labulensu mai kauri ne, in ba haka ba ki sa bargo a taga. Ku sauke jadawalin salla na masallacin garin ku bi, Alhaji in yana son Juma'a akwai babban masallacin Hamad bin Khalifa a titin Rovsingsgade, 2014 aka buɗe shi. A Legoland kuwa mu dai darduma muke sawa a jaka mu nemi gefe.

Kar kalmar bazara ta ruɗe ki, zafin nasu da rana bai cika wuce digiri 22 ba, da yamma ga iska mai sanyi kamar farkon hunturu a Jos, kuma ruwa na iya saukowa ba sallama. Kowane yaro rigar sanyi ɗaya, rigar ruwa ɗaya, takalmi rufaffe. In kwana ya ragu muku a Billund akwai gidan namun daji na Givskud kusa, ana shiga da mota ko bas ɗinsu a ratsa ta cikin zakuna.

Maman Amir:

Alhamdulillah, na tura wa Abbansu duka ya karanta. Mun tsaya kan kwana biyar Kopenhagen huɗu Billund, ya ce gobe zai tambayi mai yi musu tikiti ko za a iya dawowa ta Billund ɗin. Takardun haihuwa na ciro su yau, saura wasiƙar makaranta. Hajiya Ummi don Allah in ba damuwa zan miki magana ta inbox kan unguwar da ya kamata mu nemi ɗaki mai kicin, don wurin taron nasu ta wajen Nordhavn yake.