Yaɓen ƙaramar ganuwata sai tsagewa yake, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙanena muna wasan yaƙi na kan tebur, wanda ake jera ƙananan sojoji masu tsayin milimita 28, a auna tafiyarsu da tef, a jefa dayis irin na ludo. Muna so mu buga shigar Turawa Kano a Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato, rundunar Kanar Morland ta shigo ta Ƙofar Kabuga. Sojoji sun samu, ganuwa ce ta gagare ni. Da kwali na haɗa ta, na yaɓa mata laka ta gaske. Kwana biyu ta tsattsage, kwalin ya lanƙwashe. Sau uku ke nan. Don Allah yaya zan yi?

Ɗan gidan magina: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Laka in ta bushe tsukewa take, kwali kuma ruwa yake sha ya kumbura, to ina za su zauna lafiya? Ko babban gini sai an cuɗa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana, ga kaurin tubali da ke riƙe ta. Bar lakar. Nemo farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji, ka yanka shi gindi da faɗi sama a tsuke, ka goge duk kusurwa, don ginin ƙasa ba shi da kaifin baki. Ka manna shi a kan filawud. Sai ka dama hodar POP da farin gam na kafinta da tankaɗaɗɗen rairayi, kaurin kunu. Shafa siriri, sau biyu, kada ka lafta. Kafin ya kama, bi shi da yatsa kana zana baka-baka yadda magina ke barin sawun hannu a yaɓe. Wallahi wannan sawun shi ke sa mutum ya ce ginin gida ne.

Mai fenti: Kada fentin feshi ko sufa gulu ya taɓa soson tsirara, narkar da shi suke. Fentin ruwa za ka sa. Fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka bi da ja-ja, sannan ka goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa ka shafa launi mai haske sama-sama.

Tsohon ɗan wasa: Malam, kula da awo. Sojojinka kusan kashi ɗaya ne cikin 56 na mutum, wato bangon mita 10 zai kai santimita 18. A tebur ya yi yawa, hannu ba zai shiga baya ba. Ni da 12 zan tsaya, in bar dakali ta ciki da soja zai tsaya a kai. Ka kuma yi ta gunduwa-gunduwa, ɗaya a rushe, don inda igwa ta fasa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gidajen cikin birni fa? Na kasa fitar da azara da indararo.

Ɗan gidan magina: Tsinken tsire ne azararka, ka shafa masa baƙi-baƙi kamar giginya. Indararo kuwa, tsaga bututun shan lemo gida biyu. Zanko ka sassaƙa shi daga ragowar soso. Rufin soron kada ka manne shi, ka bar shi ana ɗagawa a sa sojoji ciki. In lokacin hunturu ne, rufa wa aikin leda sako-sako ya bushe a hankali a inuwa.