Yara na girma ina Kejetia: yaushe kuke samun zama da naku?

Maman Uku, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa nake sayarwa a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi a Ghana. Da an idar da asuba nake kama trotro (ƙaramar bas ta haya), ba na dawowa sai ana kiran magariba. Yarana uku: babba shekara 11, ta tsakiya 7, auta 3. Litinin zuwa Juma'a boko, Asabar da Lahadi makarantar malam. Jiya da dare ina ƙirga ciniki, auta ta zo ta ɗora kai a cinyata, ta ce, "Mma, ki kalle ni mana." Wallahi sai da na ajiye kuɗin. Rabon da in zauna da su ba faɗa, ba "tashi ka yi wanka", har na manta. Gidan namun daji yana dab da kasuwarmu, amma sau ɗaya tak na taɓa kai su, da ƙaramar Sallah. Ku da kuke wannan fafutuka, a ina kuke samun daɗin zama da naku?

Baban Yara, Nima:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni direban trotro ne tsakanin Circle da Madina a birnin Accra, na san wannan ciwon. Nawa rabon da safe yake. In mun fito masallaci sai in kama hannun yarona mu je wajen mai koko. Shi ke riƙe kwano, shi ke ƙirga ƙosai, kuma kullum sai ya roƙi a ƙara masa ɗaya, mai kokon kuma tana dariya tana cewa ya fi ubansa iya ciniki. Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma a nan nake jin sunan abokansa da wanda ya ɓata masa rai a aji. Ina cikin cunkoson hanya da rana sai in tuna, in ji raina ya yi sanyi.

Kaka, Asawase:
'Yata, Allah ya sa albarka a nemanki. Na raini bakwai ina tuyar masa a ƙofar gida. Kada ki jira sai kin samu hutu, ba zai zo ba. Ki jawo su cikin aikin da ke hannunki. Ranar da za ki dafa wake da shinkafa, ki zuba waken a faranti, ki ba ta tsakiyar ta tsince tsakuwa. Ki bar ta ta jefa ganyen dawa a tukunya da hannunta, ta tsaya ta ga ruwan yana komawa ja. Jikata har yau tana ce wa mutane ita ke rina abincin.

Sai kitso. Kada ki riƙa tura su gidan makitsiya kullum. Yarinya in ta zauna tsakanin gwiwoyinki, ta ba ki baya, matsefi na tafiya, abin da ba za ta faɗa ido da ido ba duk za ta zazzage miki. A shekarar 2015, da ake ta ɗauke wuta, tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida. In ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," har da 'ya'yan makwabtanmu 'yan ƙabilar Asante da suka koyi amsawa. Wuta ta dawo, su ce a bar ta a kashe sai Gizo ya gama da Ƙoƙi.

Antin Yara, Alabar:
In an yi hutu ki tafi da babban shago, ya taya ki ninke atamfa. Za ki sha mamakin yadda yake ciniki da Turanci da yaren Asante.

Maman Uku, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kaka, daren jiya na tsefe wa ta tsakiyar kai. Ashe haƙorinta na gaba ya fi mako yana girgiɗi, ta ɓoye don tsoron a cire. Na taɓa shi da yatsa, ta ƙyalƙyale da dariya. Auta kuwa a bayana ta yi barci, matsefin na hannunta.