Abin da aka tattauna kan gyaran rajistar masu zaɓe a Gombe

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda za a gyara rajistar masu zaɓe a Gombe.

1. Kowa ya yarda sunayen mamata ne babbar matsala. Mutum ya rasu shekara biyar, sunansa na nan a rumfarsa, don iyalai ba sa kai rahoto. Da yawa sun ce masu unguwanni da limamai su riƙa sanar da ofishin hukumar zaɓe (INEC) na ƙaramar hukuma, tunda su ke sallar jana'iza. Wannan shawara ta kwanta min.

2. Idan INEC ta manna jerin sunaye don ƙorafi, a je a duba da ido: suna, hoto, rumfa.

3. Wanda ya tashi daga Kaltungo zuwa Pantami, ko amaryar da aka kai Dukku, sauya rumfa za su nema, ba sabuwar rajista ba. Yin rajista sau biyu laifi ne a doka.

4. Yaron da bai kai shekara 18 ba, kada a kai shi yin rajista.

Inda aka rabu shi ne haɗa rajista da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN). Wasu sun ce zai kawar da maimaici, wasu na tsoron mutanen karkara marasa lambar za su faɗo daga jerin.