Jirgin ƙasa mai tsananin gudu: ya dace gwamnati ta zuba kuɗin jama'a a ciki?

Ɗan Fagge: 'Yan uwa, ana maganar a kawo mana jirgi mai gudu irin na Maroko. Ya dace a ciwo bashi saboda shi?

Injiniya: Malam, a bambance tukuna. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faffaɗan layi ne, milimita 1,435 tsakanin ƙarafunansa biyu, amma injin dizal ke jansa. Na Maroko, daga Tanja zuwa Kenitira, yana kai kilomita 320 a awa, da wutar lantarki ta wayoyin saman layi mai ƙarfin bolt 25,000. Dole a killace layin gaba ɗaya, babu mararrabar mota, kwana kuma ba mai kaifi ba. Ina za mu samu wutar da ba ta yankewa?

Hajiyar Kwari: Matsalar bashin ita ce dala. Tikiti da naira ake saya, bashin da ake ciwowa daga ƙasar Sin kuwa da dala ake biya. Naira ta faɗi, bashi ya kumbura.

Injiniya: Gaskiya ne, Hajiya. A fara kammala Kano zuwa Kaduna da Kano zuwa Maraɗi, a ɗora hatsin Dawanau a tarago. Kaya ne ke riƙe layi.