Targaɗe a idon sawu: ƙanƙara ko ruwan zafi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Jiya da yamma ina saukowa daga bene na goce, ƙafata ta dama ta lanƙwashe. Idon sawun ya kumbura sosai, har gefen ya yi baƙi. Yayata ta ce in gasa da ruwan zafi a murza min. Ina iya takawa, amma da ɗingishi. Don Allah me ya dace in yi?

Abu Fatima:
Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki gasa, kuma kada a murza a kwana 2 zuwa 3 na farko, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini, kumburin ya ƙaru. Ki naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora na minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3. Ki ɗaure da bandeji ba tamau ba. In yatsun suka fara sanyi ko mutuwa, ki sassauta. In kin kwanta ki ɗora ƙafar kan matashi.

Ɗan Tsere:
Hajiya, danna ƙashin idon sawun da yatsa. In nan ne ke ciwo, ko kin kasa taku 4, je asibiti a yi hoto.

Kuma kar ki yi kuskurena. Ciwo na lafawa na koma gudu, wata bai cika ba na sake gurɗewa. Da kumburin ya sauka, ki riƙa juya ƙafar kina zana haruffa a iska da babban yatsa. Daga baya ki riƙa tsayuwa da ita kaɗai daƙiƙa 30, kina dafe da bango. Wannan tsayuwar ce ta dawo min da ƙarfin ƙafata.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Na danna, ƙashin yana ciwo ta baya. Gobe da safe zan je a duba, in sha Allah.